Lambar Fenti a Jikin Itace

Kakana Custódio ba ya sara, feɗewa yake yi.
Da asuba, kafin ranar Alentejo ta fusata,
yakan kara kunne a jikin itacen murfin kwalba
kamar mai sauraron ƙirjin majinyaci,
sannan ya ɗora bakin gatari a tsagar ɓawo,
ya danna, ya murɗa,
sai ka ji ƙiiii,
kukan ƙofar da ta shekara tara a rufe.

Ɓawon ya sauko sala guda, tsawon mutum,
ba nauyi, har ni ina iya ɗagawa.
Itacen ya tsaya tsirara daga kafaɗa zuwa ƙasa,
jikinsa jawur, yana naso.
Ni kuwa, Ludovina, 'yar riƙon bokiti,
aikina in tsoma buroshi a farin fenti
in rubuta masa wutsiyar shekarar bana: huɗu.
Wato kada hannu ya sake kusantarsa
sai shekara tara ta zagayo.

Na ce, Kaka, ba ya jin zafi?
Ya ce, gwani riga yake tuɓe masa,
ɗan koyo ne ke yanka fata.
Dubi wancan mai tabo a gindi.
Hannuna ne, ina ɗan sha bakwai, yunwa na ja na gida.
Shekara sittin ke nan yana nuna mini wurin
duk ranar da na gifta.

Maƙwabcinmu Amílcar ya gaji da jira.
Ya tumɓuke nasa, ya jera itatuwan turare sahu-sahu,
masu saurin tsawo, masu shan ruwa kamar an aiko su.
Ƙarƙashinsu ba ciyawa, ba zomo, ba ko kashin tsuntsu.
Bara gobara ta hauro tudu,
ta lashe su kafin a gama ihu.
Da ta iso namu, riga kawai ta babbake musu ta wuce,
ruwan farko na sauka suka tofo.
Kaka bai ce masa uffan ba.
Burodi ya kai masa, da cuku, da gwangwanin zaitun.

Yau ya ja ni bayan rijiya
inda wata ƙaya ta yi cunkus, wadda kullum nake cewa a share.
Ya ɗaga reshenta da ƙotar gatari:
ga ɗan tsiro, ganye biyar, bai kai tsawon cokali ba.
Ba ni na shuka ba, in ji shi.
Akwai wani tsuntsu mai shuɗi a fiffike, ɓarawo ne,
yakan saci ƙwallon itacen ya binne don hunturu,
ya manta.
Duk dajin nan da kike gani, mantuwarsa ce.
Ƙayar da kika raina kuma
ita ta tsare yaron daga bakin tumaki da hancin alade.

Shekara ashirin da biyar kafin a taɓa ɓawonsa na fari,
shi ma gautsi ne da shi, ba mai saye da daraja.
Na biyu dama-dama.
Sai na uku ne zai dace da bakin kwalba.
Na fara lissafi da yatsu, yatsu suka ƙare.
Kaka ya yi dariya, haƙoransa uku suka leƙo:
ranar nan ke ce za ki riƙe gatarin,
wata ta riƙe miki bokiti.

La'asar ta yi sanyi.
Shamuwa ta sauka kan sheƙarta tana kaɗa baki,
motar ɓawo ta tafi tana tangaɗi da lodi.
Kaka ya jingina da itacen ƙarshe ya huta,
bai lura fentin bai bushe ba.
Da ya miƙe ya shige gaba,
sai ga huɗu a bayan rigarsa, a juye, fara tas.

Na buɗe baki zan ce ya tsaya in goge.
Sai na tuna abin da lambar ke nufi:
kada a taɓa wannan, a bar shi, sai nan da shekara tara.
Na ja bakina na yi shiru,
na bi shi a baya, bokiti na buga mini ƙafa.